Tarihin Gwanjo a Intanet: Daga Hasken Kyandir zuwa Kasuwar eBay

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka wani kasuwa ya san cewa kayan hannu ba su da tsayayyen farashi. Sabon keke yana da kuɗinsa a shago, amma tsohon keke sai abin da aka taya. Mai saye ya yi tayi, mai kaya ya ce "albarka", a ƙara, a sake ƙarawa, har ya ce "na sallama", dillali kuma ya karɓi la'adarsa. Idan masu tayin suna da yawa, aka bar su suna ƙari a kan juna a bainar jama'a har wanda ya fi kowa ya ɗauka, to wannan shi ake kira gwanjo. Ma'anar kalmar ta faɗaɗa a bakin Hausawa har ta zama sunan tufafin da wani ya riga ya sa.

Wannan takarda za ta bi tarihin yadda gwanjo ya koma intanet, abin da ya faro a Amurka a 1995. Tambayoyi biyu ne suka ratsa tarihin. Ta farko, yaya ake gane darajar abin da ba shi da farashi? Ta biyu, yaya mutum zai yarda ya aika kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba? Ɗalibi ya lura cewa duk inda aka ce dala a nan, dalar Amurka ake nufi, ba dalar sefa ta kasuwannin Nijar ba.

Kafin zuwan kwamfuta

Gwanjo tsohon abu ne. A shekara ta 193 Miladiyya, dogarawan fadar Rum suka kashe sarkinsu Pertinax, suka sa sarautar kanta a gwanjo. Wani attajiri mai suna Didius Julianus ya fi kowa tayi, ya hau gado, amma bayan kimanin wata biyu shi ma aka kashe shi. Gidajen gwanjo na zamani kuwa sun samo asali ne a Turai: na birnin Stockholm a 1674, Sotheby's a Landan a 1744, wanda ya fara da sayar da littattafai, sai Christie's a 1766.

Akwai wata al'ada ta Ingila a ƙarni na 17 da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu sake haɗuwa da ita. Akan kunna guntun kyandir, a yi ta tayi, wanda ya yi tayin ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ke da kaya. Samuel Pepys, wani ma'aikacin rundunar sojan ruwa, ya halarci irin wannan gwanjo na tsofaffin jiragen ruwa a 1662. Ya ba da labarin wani mai wayo da ke lura da hayaƙin kyandir ɗin, ya gane daidai lokacin da wutar za ta mutu, sannan ya jefa tayinsa.

Farkon eBay

A watan Mayu na 1995 wani kamfani mai suna Onsale ya fara gwanjon kayan kwamfuta a intanet. Amma wanda ya buɗe wa kowa da kowa ƙofa shi ne Pierre Omidyar, masanin kwamfuta da aka haifa a Paris a 1967, iyayensa ƴan asalin Iran, ya kuma girma a Amurka. A farkon Satumba na 1995 ya buɗe wani shafi mai suna AuctionWeb a jihar Kalifoniya. Ɗaya daga cikin abubuwan farko da ya sayar shi ne ɗan alkalamin nan mai fitar da jan haske, wanda ake nuna rubutu a allo da shi. Alkalamin ya lalace, kuma ya faɗi haka a tallar, amma duk da haka aka saye shi dala 14.83. A nan ya gane cewa abin da mutum zai zubar a bola yana iya samun mai so, in dai kasuwar ta yi faɗin da za a haɗu da shi.

Da farko kyauta ake amfani da shafin. A 1996 jama'a suka yi yawa, kamfanin da ke ba shi layin intanet ya ɗaga masa kuɗin wata daga dala 30 zuwa 250, shi kuma ya fara karɓar ƴar la'ada daga masu sayarwa. A 1997 aka sauya sunan zuwa eBay, a 1998 kuma aka ɗauko Meg Whitman ta shugabanci kamfanin, aka sa hannun jarinsa a kasuwa. An daɗe ana yaɗa labarin cewa Omidyar ya kafa shafin ne don budurwarsa ta samu inda za ta yi cinikin robobin alawar Pez. Daga baya ta bayyana cewa sashen hulɗa da jama'a na kamfanin ne ya ƙirƙiri labarin don ya ja hankalin ƴan jarida. Kasuwar da ke neman mutane su faɗi gaskiya a kan kayansu, ita kanta ta yi wa tarihinta kwaskwarima.

Yadda ake tayi

Tsarin tayi na eBay ya bambanta da na ɗan gwanjo mai guduma. Mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya, ba wanda ke ganin adadin, kwamfuta ce ke yi masa ƙari kaɗan-kaɗan a madadinsa. A misali, ana gwanjon tsohon agogo. Mutum na farko ya sa iyakarsa dala 50, na biyu ya sa dala 40. Na farko ne zai ci, amma dala 41 zai biya, wato tayin na biyu da ɗan ƙari. Wannan ya yi kama da tsarin da masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi bayani a 1961, inda ya nuna cewa idan wanda ya ci zai biya tayin mai bi masa ne, to dabarar da ta fi ita ce kowa ya faɗi ainihin darajar abin a wurinsa. Vickrey ya samu kyautar Nobel a 1996, ya rasu kwana uku bayan sanarwar.

A ƙa'ida ke nan. A aikace mutane ba su bi shawarar masana ba. Gwanjon eBay yana rufewa ne a ƙayyadadden lokaci, bayan kwana bakwai a misali, don haka ƙwararrun masu saye suka koyi yin shiru har sai ya rage ƴan daƙiƙoƙi, sannan su jefa tayinsu, abokin hamayya bai da sauran damar mayar da martani. Mutumin nan na Pepys ne ya dawo, agogon kwamfuta ya maye gurbin kyandir. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun yi nazarin wannan a 2002. Sun kwatanta eBay da gwanjon da kamfanin Amazon ke yi a lokacin, inda ba a rufewa sai an yi minti goma ba wanda ya yi sabon tayi. Sun tarar tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay. Ashe ƴar ƙaramar doka ta rufe kasuwa tana sauya halin masu saye gaba ɗaya.

Matsalar amana

A 1970 George Akerlof ya rubuta wata shahararriyar maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Saboda tsoro sai mai saye ya rage tayi, masu motoci na ƙwarai su janye, kasuwa ta cika da gwangwani. A kasuwar gari dillali ne ke toshe wannan gurbi, domin an san gidansa, kuma gobe ma a nan za a same shi. A intanet babu wannan.

Maganin da Omidyar ya kawo a Fabrairun 1996 shi ne shaidar abokan ciniki. Bayan kowane ciniki mutum zai rubuta yabo ko kuka a kan abokin cinikinsa, ana tara makin kusa da sunansa, kowa yana gani. Wannan maki ya zama jari. A wani gwaji da Paul Resnick da abokan aikinsa suka buga a 2006, wani sanannen mai sayar da tsofaffin katunan gaisuwa ya sayar da kaya iri ɗaya da sunansa na asali da kuma sababbin sunaye. Sunan da aka sani ya samu kuɗi fiye da sababbin da kimanin kashi 8 cikin ɗari. Tsarin yana da rauni, domin mai saye kan ji tsoron yin kuka kada mai sayarwa ya rama, shi ya sa kusan duk shaidun suka zama yabo. A 2008 eBay ta hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan masu saye. Ta fuskar biyan kuɗi kuwa, da farko ta gidan waya ake aika cek, a jira. Kamfanin PayPal ne ya sauƙaƙa wannan, eBay ta saye shi a 2002 a kan dala biliyan 1.5, suka rabu a 2015.

Daraja da ruɗi

Yawan masu tayi ba ya nufin farashin da aka kai shi ne gaskiyar darajar abu. Misali mafi shahara shi ne ƴan tsanar dabbobi masu suna Beanie Babies, waɗanda ake sayarwa kimanin dala 5 a shago. Kamfanin Ty da ke yin su yakan daina fitar da wasu nau'o'i da gangan, sai jama'a suka ɗauka dukiya ce ta ajiya, wasu suka riƙa sayen ɗaya da ɗaruruwan daloli a eBay. A 1999 har wasu ma'aurata da suka rabu a Las Vegas suka tsuguna a gaban alƙali suna rabon nasu ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba kasuwar ta rushe, aka bar mutane da buhunan tsana.

Wani ruɗin kuma shirya shi ake yi. A watan Mayu na 2000 wani lauya mai suna Kenneth Walton ya sa wani zane a gwanjo, ya fara da kwata ɗin dala, ya nuna kamar tsintarsa ya yi bai san darajarsa ba. A kusurwar zanen akwai haruffan da suka sa mutane zaton aikin Richard Diebenkorn ne, wani shahararren mai zane na Kalifoniya. Tayi ya kai dala 135,805. Bincike ya nuna Walton ne ya rubuta haruffan da hannunsa, kuma shi da abokansa suna amfani da sunaye na bogi suna ƙara wa kayansu tayi. An soke cinikin, ya kuma amsa laifinsa a kotu a 2001. Wannan dabara ta yin tayi ba da niyyar saye ba, sai don a ingiza wani, malaman fiƙihu sun san ta tun da daɗewa da sunan najashi, kuma haramtacciya ce.

Daga irin waɗannan ne masu saye suka koyi ƙa'idar da ta fi kowace amfani wajen ƙiyasta kayan hannu: a duba farashin da aka riga aka sayar da irin abin, a ƙyale wanda mai kaya ke nema. eBay tana nuna cinikayyar da aka kammala, kuma wannan taska ta ba talaka ilimin da a da sai dillalai ke da shi.

Raguwar gwanjo

Abin mamaki, wannan ilimin ne ya rage wa gwanjo kasuwa. Idan an riga an sayar da irin wayarka sau dubu, kowa ya san kuɗinta, to me zai sa a jira kwana bakwai? A 2000 eBay ta ƙara maɓallin saye nan take a kan tsayayyen farashi. Wani nazari na Liran Einav da abokan aikinsa ya nuna cewa a farkon 2003 fiye da kashi 90 cikin ɗari na tallace-tallacen shafin gwanjo ne, amma bayan shekara goma tsayayyen farashi ya rinjaye su da nisa. A waje ma eBay ba ta yi nasara ko'ina ba: ta fice daga Japan a 2002 ta bar wa Yahoo fili, a Sin kuma Taobao, wanda aka kafa a 2003, ya sa ta rufe shafinta a 2006.

Gwanjo ya ci gaba da rayuwa inda kowane kaya yake shi kaɗai ne irinsa, kamar tsofaffin tsabar kuɗi, zane-zane, da motocin da suka yi hatsari. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe ne tarihin ya iso Afirka ta Yamma. Kamfanin Copart na Amurka, wanda ke sayar da motocin da kamfanonin inshora suka karɓa bayan hatsari ko ambaliya, ya mayar da dukkan gwanjonsa intanet a 2003, masu saye daga ƙasashen waje suka samu shiga. Ɗan kasuwa yana zaune a Legas ko Kwatano zai duba hotuna, ya binciki tarihin motar da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, ya yi tayi, a loda ta a jirgin ruwa. Shekaru da dama, kafin rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, motocin da suka sauka a Kwatano sukan bi ta Malanville da Gaya su shiga Yamai da Maraɗi. Kafin mota ta kai hannun mai saye na ƙarshe, an yi mata gyara da fenti, shi kuma bai ga hotunan ranar gwanjon ba. A wurinsa matsalar Akerlof tana nan yadda take, sai dai in ya nemi lambar jikin motar ya bincika da kansa kafin ya yi tayi.