Daga Galma zuwa gidan Rabi: yadda soyayyar talaka ta shiga littafinmu

Wannan makon tarihi za mu ɗan waiwaya.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Littattafan da suka biyo baya mun san su tun muna firamare: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Yawon duniya ne, da yaƙi, da bauta, da sata. Wanda ya tsaya a gari ɗaya ya leƙa cikin gida shi ne Jiki Magayi, na John Tafida da East ɗin kansa.

Labarin ba shi da wani girma. A garin Galma, Abubakar yana son Zainab, ita ma tana son sa. Malam Shaihu, attajirin da bai taɓa samun haihuwa ba, ya sa dukiya ya raba su. Abubakar ya kasa haɗiye abin, ya bazama neman asirin ramuwa. Asirin kuwa a kan Kyauta ya sauka, ɗan da Zainab ta haifa wa attajirin: ya tashi ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Akwai boka, akwai daji, amma idan muka cire su, abin da ya rage kowa ya san shi a garinsu: mai kuɗi ya ƙwace budurwar talaka, iyaye suka yi shiru, yaron da bai ji ba bai gani ba ya biya bashin. A ganinmu ba a yi wa littafin nan adalci ba; Ruwan Bagaja ya danne shi a aji.

Daga nan sai aka daɗe. Sai gasar kamfanin NNPC, wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, inda Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kafe a kan Yasir wanda ba ƙabilarta ba. Mace ce yanzu riƙe da alƙalami, kuma an ji bambanci.

Abin da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano ya zo da nasa sauyin. Soyayya ta samu kasuwa, amma sannu a hankali masoyan suka tare a manyan gidaje, yau kuma a rubutunmu na waya har sun kai Dubai. Mai kiosk a Ɗambatta, da bazawara mai ƙosai a Malumfashi, sai dai su gifta a matsayin 'yan aike.

Balaraba Ramat Yakubu ba ta bi wannan hanya ba. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990), Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Kano birni ne, gaskiya, amma zaman unguwar da ta zana bai bambanta da na ƙaramin gari ba: tsegumi, bashi, kuɗin makaranta. Wannan littafin, mai tukunya da murhu, shi Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga shi a 2012.