Tafiya da ƙaramin yaro cikin jirgin sama

Yaron da bai kai shekara 2 ba, ana yarda uwa ta riƙe shi bisa cinya, kuma kuɗin tikitinsa kaɗan ne. Amma iska takan girgiza jirgi ba zato, kuma hannun uwa, komi ƙarfinsa, yana iya sakin yaro. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, take shawartar iyaye su saya wa yaro wurin zamansa, su ɗaure shi cikin kujerar yara irin ta mota.

Ba kowace kujera ake karɓa ba, sai mai tambarin da ya nuna an yarda da ita cikin jirgi. Ana aza ta kusa da taga don kada ta tare hanya. Ba a sa ta a layin ƙofar gaggawa. Ku tambayi kamfanin kafin ku biya, domin dokokinsu sun bambanta.

In babu kujerar, kamfanonin Turai suna ba da ƙaramar ɗamara da ake haɗawa da ta uwa. Lokacin sauka kunnen jariri yakan yi zafi. A ba shi nono, haɗiya tana rage zafin.