Daga Tarabulus zuwa Kano: yadda jirgin sama ya koyi faɗa

 Yaran lakwal sun tambaye mu wa ya fara ɗora bindiga bisa jirgin sama. Ga abin da muka tattara.

Abin ya soma ne a Tarabulus, can inda a da ayarin fataken Sahara ke sauke kayan Kano da Damagaram. Ran 1 ga Nuwamba 1911 wani sojan Italiya, Gavotti, ya jefa wa rundunar Turkawa ƙananan bama-bamai huɗu daga sama, da hannunsa.

Da yaƙin 1914 ya tashi, aikin jirgi galibi leƙen asiri ne. Katako ne da yadi da waya. Matuƙa na harbin juna da ƙaramar bindiga, yawanci a banza. Sai ran 5 ga Oktoba 1914 Faransawa biyu, Frantz da Quénault, suka kakkaɓo jirgin Jamus kusa da Reims.

Babbar wahalar ita ce farfela. Saiti ya fi kyau in bindiga na duban gaba, amma nan farfela ke juyawa, sai mutum ya sare tasa da kansa. Roland Garros ya liƙa wa tasa ƙarfe don harsashin da ya buge ta ya kauce. Dabarar maƙeri ce, kuma ta ci: jirgi uku ya kayar cikin Afrilun 1915, kafin ya faɗa hannun Jamusawa ran 18 ga wata. Su kuwa ma'aikatan Fokker sai suka ɗaure kunamar bindiga da injin, harsashi ba ya fita sai reshen farfela ya gifta, kamar mata biyu a turmi guda. A ganinmu ranar nan aka haifi jirgin faɗa na ainihi.

Ɗaya daga matuƙan wannan yaƙi, Coningham, shi ya jagoranci jirage uku na Ingila daga Masar, suka sauka Kano cikin Nuwamba 1925. Daga 1940 kuma jiragen faɗa samfurin Hurricane, waɗanda ake harhaɗawa a Takoradi ta Gwalkwas, sun riƙa ya da zango Kano kan hanyarsu ta Masar. Lokacin Nijar na hannun gwamnatin Pétain, wadda ba ta ga maciji da Ingilishi. Sai ƙarshen 1942 Faransawan nan suka juya suka bi sahun Ingila da Amurka.