Lito: Kalma Ɗaya, Sana'a Biyu

"Lito" kalmar Girkanci ce, ma'anarta dutse. Tsakanin 1796 da 1798 wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano dabara: a yi rubutu da tawada mai maiƙo a kan dutsen farar ƙasa, a jiƙa shi, tawadar bugu sai ta kama rubutun kaɗai, tunda ruwa da mai ba sa shiri. Masu ɗab'i suka ce litogirafi. Da ita aka buga littattafan Larabci a Fas, Maroko, tun wajen 1865.

Su kuwa masana ƙasa, litoloji suke cewa, wato sanin irin duwatsun da ke jere a ƙarƙashinmu. Da shi ake gane inda ruwa ke kwance. To, makiyaya, kafin ku haɗa kuɗin burtsatse, ku tambayi dutsen wurin tukuna.