Mabuɗin Juma'a

Wani yaro daga cikin masu haɗa wa shagunan Potiskum intanet a yau, da ya ji labarin na ajiye aiki, ya zo gaishe ni, ana cikin hira kuwa sai ya tambaya, yana ƙunshe dariya, wai ko gaskiya ne a zamaninmu bisa babur muke kai wa mutane mabuɗin sirri. Gaskiya ne, ban kuwa ga abin dariya ba.

A shekarun da suka biyo bayan shigowar wayar salula a 2001, sa'ad da muke sauko da intanet ta farantin tauraron ɗan Adam, mu rarraba shi da eriya zuwa shaguna da ofisoshi da gidajen fataken shanu masu hali, ba mu da wani kwaɗo face WEP, wanda mabuɗinsa guda ne tak ga kowa da kowa, haruffa da lambobi goma. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin NITEL ne wanda ya yi karatun zaure tun kafin ya taɓa waya, shi ne kuwa ya shar'anta mana cewa kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, a sauya mabuɗin, a rubuta shi cikin wani littafi mai baƙin bango da ke kwana a aljihun rigarsa, sa'an nan in bi abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya in shigar musu da hannuna. Ran da gaggawa ta sa na rubuta wa wani a bayan rasit, kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Daga baya muka gane cewa ɗawainiyar nan ba ta toshe ɓaraka ba, domin tun 2001 Fluhrer da Mantin da Shamir suka bayyana cewa duk wanda ya zauna yana sauraron iska har ya tara isassun saƙonni, zai fito da mabuɗin, ko da a ƙirjin mai shi yake kwana. Wannan bai girgiza maigida ba kamar wata mas'ala da ya tsinta sa'ad da takardun WiMAX suka zo hannunmu, ƙa'idar nan ta 802.16 ta 2004, inda ya ga cewa na'urar abokin ciniki tana zuwa da shaidarta tun daga masana'anta, ta miƙa wa turken sadarwa, alhali shi turken ba ya miƙa wa kowa kome. Ya ajiye tabarau ya ce mini wannan riwaya ce ba isnadi, gama a zaure ɗalibi ma yana da hakkin sanin daga wa malaminsa ya karɓi ijaza. In kuwa turke ne kaɗai ke tambaya, to kowane maƙaryaci ya kafa nasa, ya ɗaga murya fiye da na gaskiya, na'urori za su bi shi sahu-sahu. Illar nan tana jikin GSM ma. Sai a 2005 aka gyara ta a 802.16e, aka ba kowane ɓangare damar tantance ɗan'uwansa, ya kuwa karanta gyaran yana murmushi irin na wanda hujjarsa ta tabbata.

Maigida bai kai 2013 ba, shekarar da aka ɗauke sabis a Yobe bayan dokar ta-ɓaci, mutane suka riƙa shiga mota har ƙasar Bauchi don su ji muryar 'yan'uwansu, farantan da ake yi wa kallon tsohon yayi suka koma abin nema. A watannin nan na koma sauya mabuɗi duk Juma'a ba wanda ya umarce ni, domin ban san wa ke sauraro ba.

Yaran yau sun gaji WPA2, kwaɗon da mu a farkon aikinmu ko a mafarki ba mu samu ba, amma sai su sa lambar wayar mai shago ta zama kalmar sirri, su manna ta a bango kusa da soket ɗin caji, ta shekara uku ba a taɓa ta ba. Na tambayi baƙona ko ya ji ɓarakar da Mathy Vanhoef ya nuna a 2017, ta tilasta wa na'ura sake ɗora mabuɗin da ta riga ta yi amfani da shi. Ya ce bai ji ba. Na ɗauko masa littafin baƙin bangon, wanda iyalan maigida suka ba ni bayan sadakar arba'in. Ya buɗe shafin farko, ya zaro waya zai ɗauki hoto, sai na rufe littafin na mayar da shi aljihu.