Yarimawan Kazaure da Mangolawan Sin: Kwatanci kan Ɗorewar Mulkin 'Yan Tsiraru

Tsakure

Maƙalar nan ta kwatanta daular Yuwan (1271–1368), wadda Mangolawa suka kafa a ƙasar Sin, da masarautar Kazaure, wadda Fulani Yarimawa ke mulkinta tun farkon ƙarni na 19. A duka biyun, gida mai asalin kiwo ne ya hau kan al'ummar manoma da ta fi shi yawa nesa ba kusa ba. Hujjar maƙalar ita ce, tazarar da mai mulki ya bari tsakaninsa da talakawansa ta fi ƙarfin doki da takobi tasiri wajen ɗorewar gidansa.

Gabatarwa

Ba a haɗa girman Sin da na Kazaure, masarautar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Haka kuma jihadin 1804 ba mamayar baƙi ba ne. Tarihin Kano ya ambaci zuwan malaman Fulani da littattafai tun zamanin Sarki Yakubu a ƙarni na 15, kuma Hausawa da dama sun yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ake aunawa a nan guda ne: yadda gidan da ya ci ƙasa ya zauna da waɗanda ya tarar.

Yuwan: mulki daga nesa

Kublai Kan, jikan Cengis Kan, ya ayyana daular Yuwan a 1271, ya mai da Dadu (Bejin ta yau) babban birninsa, ya kuma murƙushe ragowar daular Song a 1279. Ya ari suna da tsarin fada irin na Sinawa, amma bai amince musu da mabuɗan mulki ba. An jera jama'a hawa huɗu: Mangolawa, sai baƙi daga yamma da tsakiyar Asiya, sai Sinawan arewa, sannan mutanen kudu a can ƙasa. Masana na jayayya kan ko wannan jeri doka ce rubutacciya ko al'adar naɗe-naɗe, amma ba a jayayya kan tasirinsa. A larduna ana ɗora wakili da ake kira darugaci, galibi Bamangole ko baƙo, a kan ma'aikatan Sinawa.

Musulmi sun ci moriyar tsarin. Sayyid Ajall, mutumin Bukhara, ya riƙe lardin Yunnan daga 1274 zuwa 1279. Ahmad Fanakati kuwa ya riƙe baitulmali har wasu Sinawa suka kashe shi a 1282. Moriyar ba ta da tabbas, domin a 1280 Kublai ya hana yanka dabba irin na Musulmi, sai bayan shekaru aka janye dokar.

Babban kuskuren Yuwan, a ganin marubucin nan, shi ne toshe hanyar malamai. Jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ɗan Basine ke kwashe ƙuruciyarsa yana yi wa karatu, ba a sake yin ta ba sai 1315. Ko da aka dawo da ita, an raba gurabe daidai tsakanin rukunan nan huɗu, alhali mutanen kudu kaɗai sun ninka sauran. Da kogin Huwan He ya yi ambaliya a 1344, aka kuma tara leburori kimanin 150,000 don gyaransa a 1351, tawaye ya ɓarke a ƙasar da masu iliminta da yawa ba su da abin karewa a fada.

Kazaure: mulki daga ciki

Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, ya fara suna ne da taimakon jihadi a arewacin Kano. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, sai Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a. An shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa. Dabo ya fitar da shi daga Ɗambatta, shi kuma ya ja daga a duwatsun Kazaure, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye. Dambo ya gaji mahaifinsa Ɗan Tunku a 1824. A lura: rikicin da ya haifi Kazaure na Fulani ne da Fulani.

Wannan zamani ne kuma aka yanke shawarar da ta bambanta ƙasar Hausa da Sin. Littafin Kitabul Farƙ ya soki sarautu da harajin sarakunan Haɓe, Abdullahi Ɗanfodiyo ma ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano don nuna yadda ya kamata a yi mulki. Duk da haka Dabo ya nemi izinin Bello ya farfaɗo da tsoffin sarautun Hausa, Galadima da Madaki da Makama da sauransu, ya naɗa su ga shugabannin Fulani. Kazaure ta bi wannan sahu. Ta hanyar auratayya da sa-ɗaka, 'ya'yan sarki suka tashi da Hausa a baki. Wanda ya halarci zaman hakimi a Gwiwa zai ga sakamakon: dagaci ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, dogari ya amsa gaisuwa da Hausa, ardon da ya zo daga ruga da ƙarar gona da shanu shi ma da Hausa zai yi bayani. Fillanci ya fi zama a ruga fiye da fada.

Mangolawa sun bi akasin haka. Kublai ya sa wani malamin Tibet ya ƙirƙiro wa daular sabon rubutu a 1269, fada ta karkata ga addinin Buda irin na Tibet, sarakuna kuma suna ƙaura kowace bazara zuwa Shangdu a bakin makiyaya. A Kazaure, sarki da talaka alƙibla ɗaya suke fuskanta, kuma almajirin Bahaushe na iya zama limami ko alƙali, don karatun Larabci ba na ƙabila ba ne. Wannan bai hana zalunci ko bauta ba. Ya dai hana talaka kallon sarki a matsayin baƙo.

Akwai kuma batun mafaka. Da sojojin Ming, daular da ta gaji Yuwan, suka doshi Dadu a 1368, Sarki Togon Temur ya fice arewa zuwa makiyayar kakanninsa, ya rasu can a 1370. Yarimawa ba su da wata ƙasa da za su koma. A ƙasar Hausa waɗanda suka yi hijira su ne tsoffin sarakuna: na Katsina zuwa Maraɗi, na Daura zuwa Zango da Baure, dab da iyakar Kazaure. Turawa sun mai da gidan Haɓe kan gadon Daura a 1906, amma a Kazaure sun bar Muhammadu Mayaƙi, wanda ke kan karaga tun 1886, har zuwa 1914.