Galla da Danginta: Ƙudajen Zuman Daji da Makomarsu a Tudun Wadar Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta tattaro abin da masana suka tabbatar game da ire-iren ƙudan zuman daji, yadda suka bazu a duniya, da hidimar da suke yi wa amfanin gona a dazukan Afirka ta Yamma, sannan ta auna shi da yanayin Tudun Wada da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Matsayarta ita ce kiwon zuma a amya, duk da amfaninsa, ba zai wadatar wajen kare barbarar tsirrai ba. Ƙudajen da ba sa shiga amya suna da nasu buƙatun na wurin sheƙa da furen rani, kuma aikin farko shi ne a ƙirga su.

Abin da ke faruwa a kan furen tafasa

A watan Satumba, kafin rana ta yi zafi, duk wanda ya tsaya a bakin wani kangon fili a Tudun Wada inda tafasa ta yi fure zai iya ganin abin da idonsa. Wani ƙaton ƙwaro baƙi, wani lokaci da rawaya a doronsa, zai sauka a kan furen har reshen ya sunkuya. Zai kama tsakiyar furen da baki, ya lanƙwashe jikinsa, sai ƙugin da yake yi ya sauya ya koma siriri mai kaifi na ɗan lokaci. Tsokar fukafukansa yake karkaɗawa alhali bai tashi ba. Garin furen tafasa a kulle yake cikin 'yan bututu masu ƙaramar ƙofa a baki, ba ya fita sai an girgiza shi, kamar yadda ake kaɗa kwalbar kwalli. Garin ya zubo a cikinsa, ya tashi ya faɗa wa fure na gaba.

Yara kan gudu idan sun gan shi, manya kuma kan buge shi da tsintsiya saboda yana huda katakon rufi. Ƙudan zuma ne, daga dangin da masana ke kira Xylocopa. Ba ya tara zuma, ba shi da sarauniya, macen ce kaɗai ke sassaƙa rami a busasshen itace ta ajiye wa 'ya'yanta dunƙulen garin fure. Wannan girgiza da yake yi, ƙudan zuman amya bai iya ta ba. Furen gauta da yalo da tumatir kuwa irin ginin na tafasa gare su, wato masu girgiza ne suka fi yi musu amfani.

Yawansu da inda suke

Nau'o'in ƙudan zuma da aka bai wa suna a duniya sun haura 20,000. Mafi yawansu zaman kaɗaici suke yi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasa suke haƙa ramin sheƙa. Wanda Bahaushe ya sani da saƙa da kaki da harbi, Apis mellifera, nau'i ɗaya ne tak a cikinsu. Reshensa da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, adansonii, ya samo suna daga Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin halittu a Senegal a tsakiyar ƙarni na 18.

A 2010 Connal Eardley da Rosalind Urban suka wallafa kundin ƙudajen zuman Afirka kudu da Sahara, inda suka jera nau'i 2,755. Adadin ya yi kaɗan ga yanki mai wannan faɗi, kuma wani ɓangare na dalilin a bayyane yake: an fi tattara samfura a Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen gabas, yammacin nahiyar kuwa ba a taɓa shi sosai ba. Taswirar da Michael Orr da abokan aikinsa suka fitar a mujallar Current Biology, bayan tace bayanai kusan miliyan 6, ta nuna wani abin da ya saɓa wa zato. Yawancin halittu sun fi cunkoso a dazukan kurmi masu ruwa, ƙudan zuma kuwa ya fi yawan iri a wurare masu bushewa da rana da gajerun tsirrai masu fure. Kenan ƙasar doka da kaɗanya irin ta Kaduna, mai damina daga wajen Afrilu zuwa Oktoba da dogon rani bayanta, wuri ne da ya kamata a sa ran samun iri da yawa.

Harshen Hausa ma ya riƙe wani abu na wannan sani. Galla, 'yar mitsitsiyar nan da ke damun mutum a ido da gumi idan ya shiga daji da rani, ƙudan zuma ce marar harbi, daga dangogi irin su Hypotrigona. Tana zama jama'a guda a kogon itace ko tsagar bango, tana ƙera 'yar ƙofa kamar bututu da danƙo, tana tara zuma kaɗan mai ɗan tsami. Akwai masu yanka ganye, Megachile, waɗanda ke barin huda zagayayya a gefen ganye kamar an sa almakashi; akwai Amegilla masu ratsi da saurin tashi, su ma gwanayen girgiza fure; akwai Lipotriches da ke sammako su kwashi garin furen dawa da masara da ciyayi tun raɓa ba ta bushe ba. Suratun Nahli, sura ta 16, ta ambaci mazaunin ƙudan zuma a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa, kuma mai nazarin sheƙa a yau yana samun ƙudajen a duk wuraren uku.

Abin da suke ƙara wa rumbu

Nazarin Alexandra-Maria Klein da abokanta na 2007 ya gano cewa 87 daga cikin manyan amfanin gona 115 na duniya suna ƙaruwa da barbarar da dabbobi ke yi, galibi ƙwari. A 2013 Lucas Garibaldi da tawagarsa suka duba gonaki 600 na amfani iri-iri, suka ga ziyarar ƙwarin daji tana sa fure ya ƙulla 'ya'ya ninki biyu na abin da ziyarar ƙudan amya ke sawa, kuma ƙara amya ba ya cike gurbinsu idan sun ɓace. Wannan sakamako shi ne ƙashin bayan hujjar maƙalar nan.

Shaidar da ta fi kusa da gida daga Burkina Faso ta fito, ƙasar da itatuwanta da amfaninta suka yi kama da na arewacin Najeriya. Katharina Stein da abokan aikinta sun rufe wasu furanni don hana ƙwari isa gare su, suka bar wasu a buɗe. Rahotonsu na 2017 ya nuna auduga ta yi asarar kashi 37 cikin ɗari na yabanya idan babu masu barbara, riɗi kuwa kashi 59. Riɗi yana cikin manyan kayan gona da Najeriya ke fitarwa waje, amma manominsa, wanda ke lissafa taki da iri da kuɗin ƙwadago, ba kasafai yake sa ƙwaron da ya ƙulla masa fiye da rabin buhunsa a lissafi ba.

Kaɗanya ma haka. Aoife Delaney da Jane Stout da abokansu sun ruwaito a 2020 cewa ƙarancin barbara yana rage 'ya'yan kaɗe a kudancin Burkina Faso, kuma matsalar ta fi sauƙi a gonakin da aka bar itatuwa da ƙananan bishiyoyi iri-iri. Ƙudan amya da galla su ne manyan baƙin furen kaɗanya, wanda ke buɗewa da rani. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwarar kaɗe na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida. Masana'antar da za ta matse man, da matar ƙauyen da za ta tsinto ƙwarar da asuba, dukansu sun dogara da abin da galla ta yi a watannin hunturu da bazara.

Batun wake ya fi sarƙaƙiya, kuma ya shafi Jihar Kaduna kai tsaye. Wake yakan yi wa kansa barbara, furensa a rufe yake, sai ƙwaro mai nauyi ne ke iya danne shi ya buɗe. A gaɓar tekun Kenya, Rémy Pasquet da abokan aikinsa sun liƙa wa Xylocopa flavorufa 'yar na'urar rediyo suka bi sawunsa, kuma a 2008 suka bayyana cewa yana iya yin nisan kilomita 6 daga sheƙarsa, yana ziyartar waken gona da waken daji. A Disambar 2019 aka saki irin wake SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta samar don jure tsutsar Maruca, da alƙawarin rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina. Rage feshi alheri ne ga ƙudan zuma, babu ja. Sai dai ƙwaron da ke amfana da hakan shi ne kuma ke iya kai garin furen sabon iri ga danginsa na daji. Duk ɓangaren da mutum ya tsaya a muhawarar amfanin sabon irin da haɗarinsa, yana buƙatar sanin waɗanne ƙudaje ne ke yawo a gonakin wake, kuma ina suke kwana.

Abin da ke korar su

A cikin unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada, babbar barazana ita ce rashin wurin sheƙa. Tsakar gidan da da ƙasa ce yanzu siminti ne ko tayil. Katangar laka mai ramuka ta koma bulo da filasta, azara da katako sun koma ƙarfe. Babu mai zargin magidanci don ya gyara gidansa, amma kowace tsakar gida da aka shafe ta rufe ƙofar masu haƙa rami. A bayan gari kuwa gatari ne: gawayin da ake saukewa buhu-buhu a unguwanni daga tsofaffin itatuwa yake fitowa, masu kogunan da galla da ƙudan zuma ke zama. Cirar zuma da wuta da dare tana ƙone jama'ar gaba ɗaya, wani lokaci har da bishiyar.

Sai feshi. Masu lambun rani a bakin Kogin Kaduna sukan yi feshi da safe, daidai lokacin da furen kabewa da kuɓewa da kankana ke buɗe kuma ƙudaje suka fi yawa a kansu. Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan neonicotinoid guda uku a fili tun 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma, ɗaya daga cikinsu, imidacloprid, ana samun sa a shagunan maganin gona a nan. Ƙudan kaɗaici ya fi shiga haɗari: idan ma'aikatan amya ɗari suka mutu sarauniya za ta maye gurbinsu, amma idan macen Xylocopa ɗaya ta mutu, gidanta ya mutu.

A duniya baki ɗaya, Eduardo Zattara da Marcelo Aizen sun nuna a 2021 cewa nau'o'in da aka ruwaito ganinsu tsakanin 2006 da 2015 sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da kafin 1990.

Inda za a fara

Hankalin hukumomi ya karkata ga zuma a matsayin haja. Abuja ta karɓi baje kolin ApiExpo Africa a 2018, shekarar da aka fara bikin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya ta 20 ga Mayu. Wannan yana da kyau ga mai amya, sai dai bai taɓa ƙwaron furen tafasa ba. Abin da shi yake buƙata ba shi da tsada: ɗan gefen fili da ba a shafe ba, busasshen kututture da aka bari, feshi da yamma bayan furanni sun rufe, da bishiyoyin da ke fure lokacin da daji ya bushe, irin su mangwaro da zogale da ɗorawa da darbejiya. Ta wannan fuska gari na iya zama mafakar rani, domin a cikinsa ake ban ruwa. Kafintocin Panteka, da ke maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, za su iya huda guntayen katako da ramuka masu faɗi daban-daban a rataya a makarantu, masu yanka ganye su tare a ciki.

Kayan ƙirgar ma suna kusa. Hanyar da masana suka saba da ita ita ce jera ƙananan kwanoni farare da rawaya da shuɗi, a zuba ruwa da ɗigon sabulu, a bar su yini guda, a haɗa da kamu da ragar hannu a kan layin da aka auna, domin manyan ƙudaje ba su cika faɗawa kwano ba. Layin da ya dace da Kaduna zai taso daga harabar kwalejin a Tudun Wada, ya bi lambunan bakin kogi, ya kai Dajin Afaka inda Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya take, a maimaita shi kowane wata na shekara biyu don a kama bambancin damina da rani. Kowane samfuri a rubuta masa rana da wuri da sunan furen da aka same shi a kai, a ajiye shi a ɗakin adana ƙwari na Samaru, a shigar da bayanansa rumbun GBIF na intanet inda masu zana taswirar duniya ke ɗiba. A gefen sunan Latin kuma a bar gurbi don sunan da masu cirar zuma da tsofaffin manoma ke kiran ƙwaron da shi, da irin itacen da suka saba samun sheƙarsa.